Haskaka Haƙori a Wajen Likita: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya mako ya ƙare ba a shigo ɗakin haƙori da waya a hannu ba, a nuna mana hoton wani mai haƙora farare tas, a ce, "Irin wannan nake so." Akwai amare, akwai angwaye, akwai ma'aikatan ofis, har da dattawan da suka shekara arba'in suna cin goro. Ko daga Kawo mutum ya fito ko daga Barnawa a nan Kaduna, tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Karanta su ba zai ɗauke maka buɗe baki a gaban likita ba, domin ba a gyara launin haƙori sai an san abin da ya kawo shi.

Mene ne haskaka haƙori, kuma yaya yake aiki?

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne inamel, ɓawon nan mai sheƙi wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai dentin, mai launin ruwan ɗorawa, can ciki kuma sai ɓargon haƙori inda jijiya da hanyoyin jini suke. Inamel ba fari ba ne sol kamar alli. Yana barin launin abin da ke bayansa ya ɗan fito, kamar yadda farin mayafi shara-shara ke nuna kalar atamfar da ke ƙasa. Saboda haka yawancin launin da kake gani a madubi na dentin ne.

Likita yana shafa wani jel mai sinadarin haidirojin feroksaid, ko ɗan'uwansa kabamaid feroksaid, a fuskar haƙori. Sinadarin ya ratsa inamel ya kai ga dentin, ya farfasa ƙwayoyin launin da suka maƙale a ciki har duhunsu ya dushe. Ba fenti ake shafawa ba, ba kuma kankare haƙorin ake yi ba. Wasu suna ce wa aikin "bilicin ɗin haƙori", sunan da ke sa mutane su tuna da man bilicin na fata su tsorata. Ba su haɗa komai ba. Man fata hana jiki yin launinsa na halitta yake yi, wannan kuwa launin da ya riga ya taru a cikin haƙori yake rage wa ƙarfi.

Ba shi ne wankin haƙori ba?

A'a, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Wankin haƙori shi ne a sa na'ura a ɓamɓare daskararren dattin da ya manne a gindin haƙora, wanda buroshi ba ya iya fitarwa, sannan a goge tabon da ke saman inamel. Yana mayar maka da haƙori launinsa na asali, ba ya wuce nan. Haskakawa ita ce ke shiga ciki ta sauya launin kansa. Wanki magani ne ga dasashi mai jini da warin baki, haskakawa kuwa kwalliya ce.

Kullum wanki ne a gaba. Kuma na sha ganin wanda ya zo da kuɗin haskakawa a aljihu, aka yi masa wanki, ya dubi madubi ya ce wannan ma ya ishe shi. Maganar da ake yi cewa wanki yana sa haƙori girgiɗi ko yana buɗe giɓi ba haka take ba. Dattin ne ya riga ya cinye dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙorin, da aka cire shi sai ɓarnar da ya ɓoye ta fito fili.

Me ke sa haƙori ya canza launi tun farko?

Akwai na waje, akwai na ciki. Na waje shi ne abin da baki ke ci yana sha: goro, shayi mai kauri, kofi, zobo, sigari, taba gari da shisha. Kakanninmu mata ma da gangan suke rina haƙoransu da fure da goro, a zamaninsu jan haƙori shi ne ado. Akwai kuma waɗanda ba a cika zargi ba, irin su maganin ƙarin jini na ruwa da ake ba masu ciki da yara, da ruwan kurkure baki mai sinadarin kulohekzidin idan aka daɗe ana amfani da shi. Duk waɗannan wanki yana fitar da mafi yawansu.

Na ciki ya fi wuyar sha'ani. Shekaru suna cikinsa, domin inamel yana sirancewa da girma, dentin kuma yana ƙara kauri da duhu. Gado ma yana ciki: wani gidan haka Allah Ya yi su da haƙora masu ɗan ja-ja ko da ba su taɓa tauna goro ba. Sai kuma uku da kowannensu ke da amsarsa a ƙasa, wato yawan fuloraid (sinadarin nan da ake sa wa makilin) a ruwan sha, maganin tetirasaikilin a ƙuruciya, da haƙorin da jijiyarsa ta mutu. Haƙori mai launin ɗorawa ya fi karɓar haskakawa. Mai launin toka-toka shi ne mai taurin kai.

Ni mai cin goro ne shekara da shekaru. Akwai amfani in yi?

Akwai, Alhaji, kuma masu goro suna cikin waɗanda suka fi ganin canji, musamman bayan wanki. Sai dai a faɗi gaskiya: idan aka gama aka koma tauna goro daga hantsi har dare, tabon zai dawo cikin 'yan watanni. Ba na cewa a bar goro, don na san ba abu ne da ake bari da baki ba a ƙasar da ake raba shi wajen ɗaurin aure da suna. Abin da ke taimakawa shi ne a daina barin tuƙarsa a kumatu, a kurkure baki da ruwa da zarar an gama, a kuma riƙa zuwa wanki kamar sau biyu a shekara. Duba amsar da ke magana kan daɗewar hasken.

Idan na je, me za a yi mini a kan kujera?

Ranar farko dubawa ce. Likita zai nemi rami, tsagewa, tsohon ciko mai yoyo, ciwon dasashi da wuraren da dasashi ya janye ya bar gindin haƙori a tsirara. Wani lokaci sai an ɗauki hoton haƙori. Duk abin da aka samu sai an gyara shi kafin jel ya taɓa bakin. A ganina wannan dubawar ita ce rabin abin da kake biya wa kuɗi, kuma ita ce ba za ka samu a wani wuri ba. Daga nan a gwada launin haƙoranka da wani jerin ƙananan haƙoran gwaji. Wanda aka fi sani na kamfanin VITA ne, mai launi 16. A rubuta lambar da ta dace da kai, don a samu abin aunawa daga baya.

Ranar aikin, za a sa abin da zai buɗe leɓɓa ya janye kumatu. A zagaye dasashi da wani danƙo na kariya, a busar da shi da fitila. Sannan a shafa jel mai ƙarfi, wanda yakan kai kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na haidirojin feroksaid, a kan haƙoran da ke fitowa idan ka yi murmushi. A bar shi kamar minti 15 zuwa 20, a zuƙe, a sake shafawa sau biyu ko uku. Duka-duka awa ɗaya ne zuwa awa ɗaya da rabi. Ba a yin allurar kashe zafi, kuma da dalili: idan jel ya zurara kan dasashi, ana so ka ji raɗaɗin ka ɗaga hannu nan take.

Na ji akwai wanda likita ke bayarwa a yi a gida. Wanne ya fi?

Akwai, kuma shi na fi so ga yawancin mutane. Likita zai ɗauki awon bakinka, a ƙera maka wata siririyar roba da ta zauna daram a kan haƙoranka kai kaɗai. A ba ka jel mai sauƙi, galibi kabamaid feroksaid kashi 10 zuwa 16. Kashi 10 na kabamaid daidai yake da wajen kashi 3 da rabi na haidirojin feroksaid, ka ga ke nan ya yi nesa da na kan kujera. Ka ɗiga kamar ƙwayar gero a gurbin kowane haƙori, ka sa robar ka kwana da ita, ko ka yi 'yan sa'o'i da ita da rana, na mako biyu zuwa uku. Wasu likitoci biyu a Amurka, Haywood da Heymann, su suka fara bayyana wannan hanya a 1989, kuma tun daga nan an yi ta bincike a kanta.

Na kan kujera sauri ne amfaninsa. Na gida a hankali yake tafiya, amma inda yake kaiwa bai gaza na kujera ba, tsamin haƙorin da yake jawowa ya fi sauƙi, kuma robar taka ce, ko bayan shekara kana iya karɓar jel ka yi ƙari na kwana biyu ko uku. Wasu likitoci suna haɗa biyun. Abu biyu za a kiyaye a gari irin Kaduna. Zafi yana kashe ƙarfin jel, don haka kada a bar shi a mota ko bakin taga a watan Maris da Afrilu, a sa shi a firji ko wuri mai sanyi. Robar kuma da ruwan sanyi ake wanke ta, ruwan zafi lanƙwasa ta yake yi.

Shuɗiyar fitilar nan da ake haskawa a baki, ita ce ke yin aikin?

Jel ne ke aikin. Binciken da aka tattara ya nuna fitila ko lesa ba sa ƙara wani hasken kirki a kan abin da jel mai ƙarfi zai bayar shi kaɗai. Idan likitanka yana amfani da ita babu laifi, amma kada rashinta ya sa ka raina wuri, kada kuma ganinta a shago ya sa ka ɗauka asibiti ka shigo.

Da zafi?

Ba zafin cire haƙori ba ne, amma da yawa suna jin tsami, wasu kuma suna jin wani abu kamar tsinke ya ratsa haƙorin ya wuce. Sinadarin ne ya kai kusa da jijiya ya ɗan tsokane ta. Yakan fara a ranar ko washegari, ya lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku bayan an tsaya. A lokacin hunturu ya fi damun mutane, iskar asuba a kan babur kaɗai ta isa ta tayar da shi, balle fiya wata mai ƙanƙara.

Ana rage shi. A fara amfani da makilin na masu tsamin haƙori, mai sinadarin fotasiyam naitiret, mako biyu kafin aikin. Mai yi a gida ya riƙa tsallake dare ɗaya, ko ya rage sa'o'in. Idan jel ya taɓa dasashi wurin zai yi fari ya yi raɗaɗi, ya warke da kansa, amma alama ce an cika robar da yawa. Wanda ba a zama da shi a gida shi ne zugin da ke hana barci, ko ciwon da ya tsaya a haƙori ɗaya, ko tsamin da ya haura mako. Wannan a koma wajen likita.

Ba ya cinye haƙori ko ya rage masa ƙarfi?

Idan aka yi shi da jel ɗin da ya dace, a bakin da aka duba, na tsawon lokacin da aka ƙayyade, ba ya rage kaurin inamel yadda zai cutar. 'Yar laushin da saman inamel ke yi, yawu da fuloraid suna mayar da ita. Ɓarna tana zuwa ne daga wuce gona da iri, kamar mai maimaitawa duk wata don farin bai ishe shi ba, ko daga kayan da aka haɗa da asid. Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne inamel ba ya tsirowa. Fata tana sabuntawa, farce yana fitowa, ƙashi yana ɗoruwa, amma inamel ɗin da ya tafi ya tafi ke nan.

Su wa bai kamata su yi ba?

Mai ciki da mai shayarwa su jinkirta, tunda kwalliya ce ba ta gaggawa ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ma a bari, ɓargon haƙorinsu yana da faɗi, tsami ya fi kama su. Iyaye sukan tsorata idan manyan haƙoran yaro suka fito jajaye kusa da na nono, alhali haka halittar take, haƙoran nono sun fi fari. Mai rami, mai dasashin da ke jini, da mai tsagaggen haƙori, a yi musu magani tukuna. Wanda dasashinsa ya janye ya sani cewa gindin haƙorin da ya fito ba shi da inamel, ba ya haske sosai, kuma nan ne tsami ya fi tsanani.

Ina da ciko a haƙorin gaba. Shi ma zai yi fari? Hula da haƙorin Makka fa?

Ba zai yi ba. Jel haƙorin halitta kaɗai yake canzawa. Farin ciko, hular haƙori (rufin da ake ƙerawa a kifa wa haƙori), haƙorin roba, duk suna nan da launin da aka sa su. Idan cikon yana gaba, bayan haskakawa zai fito ya yi duhu a tsakiyar haƙori mai haske, sai an canza shi. Ana jira kamar mako biyu kafin a yi sabon, saboda ragowar sinadarin da ke cikin haƙori yana hana ciko kamawa da kyau, kuma launin ma bai gama zama ba. A sa kuɗin wannan a lissafi tun farko.

Haƙorin Makka launinsa ba zai motsa ba. Abin dubawa shi ne bakinsa: idan bai zauna daidai ba, datti yana shiga ƙarƙashi ya yi rami ba a sani ba, jel kuma ya bi ta nan ya tarar da jijiya.

Gawayi, toka, gishiri, kanwa da lemon tsami fa? Iyayenmu da su suka yi.

Sun yi, kuma gawayi da toka suna fitar da tabon sama, shi ya sa mutum yake ganin kamar sun yi aiki. Amma kankara ce, irin ta yashi a gindin tukunya. Yau da gobe inamel ya sirance, ɗorawar dentin ta ƙara fitowa, mutum ya ga haƙori yana ja ya ƙara dirzawa. Lemon tsami ya fi muni, domin asid ne, narkar da inamel yake yi, idan aka bi shi da buroshi kuma an haɗa masa biyu. Haɗin lemon tsami da bekin soda da ake koyarwa a TikTok, don Allah a bar shi.

Asuwaki daban ne. Yana tsabtace haƙori sosai idan aka tauna bakinsa ya yi laushi aka goga a hankali, sai dai ba ya canza launin ciki. Makilin da aka rubuta wa "mai sa fari" shi ma yawancinsa tabon sama yake gogewa. Yana da amfani wajen riƙe haske bayan an yi aikin, ba wajen kawo shi ba.

Ana yi a shagunan kwalliya da araha, ana kuma sayar da ruwan wanke haƙori a kwalba. Mene ne laifinsu?

Laifin farko, babu mai dubawa. Mai shago bai san rami ba, bai san tsagewa ba, ba shi da hoton haƙori, kuma idan jel ya ƙone dasashi ba shi da abin yi. Na biyu, ba ka san abin da ke cikin kwalbar ba. Duk ruwan da aka ɗiga a auduga aka goga haƙori ya yi fari fat cikin minti ɗaya, ka zargi asid. Farin da kake gani inamel ne ya ƙone ya yi kamar alli. Na taɓa karɓar wata yarinya da ta saya a tasha ana saura kwana goma bikinta. Haƙoranta shida na gaba sun rasa sheƙi, sun yi kaushi, ko iska ba ta iya ja ta baki. Abin ya daɗe yana damuna, don da wanki kaɗai aka yi mata da ya wadatar.

Wasu ƙasashe sun ɗaure abin da doka. Tarayyar Turai ta ƙayyade a 2011 cewa abin da za a sayar wa kowa kada ya wuce kashi 0.1 na haidirojin feroksaid, daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori. A Ingila babbar kotu ta yanke a 2013 cewa haskaka haƙori aikin likitancin haƙori ne, wanda ba shi da rajista ya yi ya karya doka. A nan gida, MDCN ce hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista tana ba su lasisin aiki na shekara-shekara, kuma ba rashin kunya ba ne ka nemi ganinsa. Duk kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki, kada ta kusanci bakinka.

Haƙorana suna da fararen ɗigo da tabo ruwan ƙasa tun ina yaro. Duk 'yan garinmu haka suke.

Wannan ya yi kama da abin da yawan fuloraid a ruwan sha ke jawowa. Fuloraid kaɗan kariya ne daga rami, amma idan ya yi yawa a ruwan rijiya ko burtsatse lokacin da haƙora ke ginuwa, wato kafin yaro ya kai wajen shekara 8, inamel yana fitowa da dabbare-dabbare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita. An san yankuna irin su Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe da wannan matsala, kuma Kaduna gari ne da ya tara mutanen ko'ina, don haka muna ganinsa. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma rashin goge baki ba ne. Ina faɗin haka ne saboda na ga manya da suka girma suna rufe baki da hannu idan za su yi dariya.

Haskakawa tana rage ruwan ƙasan, tana kuma sa sauran haƙorin ya matso kusa da fararen ɗigon. A kwanakin farko ɗigon yakan ƙara fitowa kafin ya saje, kada a firgita. Idan tabon a sama-sama yake, likita na iya shafe ɗan siririn saman inamel da wani haɗi na musamman, ko ya cusa wani danƙo mai ratsa farin tabon. Mai tsanani, mai ramuka-ramuka, sai an rufe fuskar haƙorin da farin ciko ko da fallen tangaran da ake mannawa. Idan ƙananan yara na shan ruwan da kuka sha, a kai shi gwaji. Tafasa ruwa ba ta cire fuloraid.

An ce maganin da aka ba ni ina ƙarami ne ya ɓata mini haƙora. Zai gyaru?

Tetirasaikilin ke nan, kafson nan ja da rawaya da ake saya a kemis don gudawa. Idan mai ciki ta sha, ko aka ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8, yana shiga cikin dentin ya zauna, haƙora su fito da zane-zane a kwance, toka-toka ko ruwan ƙasa. Zama ɗaya a kujera ba ya yi masa komai. Hanyar da ke aiki ita ce robar gida da jel mai sauƙi na wata biyu zuwa shida, ƙarƙashin kulawar likita, kuma wajen gindin haƙori ne ke ƙarshen sauka. Mai duhu sosai ana haskaka shi iya yadda zai yi, sannan a rufe, kamar yadda aka faɗa a amsar fuloraid.

Haƙori ɗaya ne kawai ya yi baƙi, tun da na faɗi a babur.

Wannan ba maganar kwalliya ba ce tukuna. Bugu yana iya kashe jijiyar haƙori, jinin da ya fashe a ciki ya rina dentin, wani lokaci sai bayan shekaru baƙin zai fito, kuma ba lallai ya yi ciwo ba. Ƙarƙashinsa ana iya samun ruɓa a cikin ƙashi. Sai an ɗauki hoto. Idan jijiyar ta mutu, a cire ta a wanke ramin a toshe, sannan a sa maganin haskakawa a cikin haƙorin a rufe na 'yan kwanaki, a canza har ya yi daidai da maƙwabtansa. Shafa jel daga waje ba tare da wannan ba zai haskaka sauran ne ya bar shi ya ƙara fita daban.

Wane irin fari zan samu, kuma zai daɗe?

Babu likitan kirki da zai yi maka alkawarin lamba. Kowane haƙori yana da inda yake tsayawa, idan ya kai nan ƙarin jel tsami kawai zai ƙara. Fiƙoƙi sukan fi sauran duhu tun asali. Farin nan ƙal na taurarin fim da mawaƙan waje, sau da yawa fallen tangaran ne aka manna bayan an fiƙe haƙoran, ko kuma gyaran hoto ne. Farin da za ka gani da saukarka daga kujera ma ya ɗara na gaskiya, saboda haƙorin ya bushe. Launin da zai zauna sai bayan kamar mako biyu.

Daɗewa kuwa daga 'yan watanni ne zuwa wajen shekara uku, gwargwadon abin da baki ke ci. Mai sigari da mai goro su ne a ƙasa. A kwana biyun farko likitoci sukan ce a kauce wa zobo, shayi, kofi, goro, jar miya da jan baki. Bayan nan, goge baki safe da dare da makilin mai fuloraid, kurkurewa bayan shayi, da wanki a kai a kai.

Nawa ne, kuma ina zan je a Kaduna?

Farashi yana bin irin hanyar da aka zaɓa da kuma canjin dala, tunda jel daga waje ake shigo da shi. Kada ka tsaya a kuɗin haskakawa kaɗai. Tambayi na kati da dubawa, na hoto, na wanki, na cikon da za a yi kafin aikin da wanda za a canza bayansa, da kuma ko robar gida da jel ɗin ƙari suna ciki. Inshorar lafiya galibi ba ta ɗaukar aikin kwalliya.

Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, Asibitin Sojoji na 44, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya duk suna da sashen haƙori, akwai kuma asibitocin haƙori masu zaman kansu a cikin gari. Ko ba a na gwamnati za ka yi haskakawar ba, wuri ne mai kyau na fara dubawa da wanki. Inda duk aka zaunar da kai za a shafa jel ba a leƙa bakinka ba, tashi ka fita.

Addini bai hana ba? Ana iya yi da azumi?

Abin da ke sa mutane shakka shi ne hadisin da ya tsine wa masu fiƙe haƙora don yin wushirya saboda ado. Haskakawa ba ta fiƙe komai, ba ta canza siffar haƙori, shi ya sa malamai da dama suke kallonta a matsayin gusar da tabo. Manna fallen tangaran da ke buƙatar a rage haƙori wata mas'ala ce daban, wannan a zauna da malami a yi masa bayanin dalilin yin. Da azumi kuwa, robar gida tana tara yawu kuma ɗan jel na iya wucewa maƙogwaro, don haka a sa ta bayan an gama cin abincin dare, a cire kafin sahur. Na kan kujera a bari sai bayan salla.

Bikina saura wata biyu. Yaushe zan fara?

Yanzu, amarya. Ki je a duba ki a wannan makon, a yi wanki, in akwai rami a cike, in dasashi na jini a ba shi mako ɗaya ko biyu ya kwanta. Sannan a yi haskakawar, a lissafa ta yadda za ta ƙare ana saura aƙalla mako uku. Mako biyu na farko launi zai zauna, tsami ya wuce, na ukun kuma a canza cikon gaba idan kina da shi. Kada ki haɗa ta da makon gyaran jiki da lalle, lokacin da ba ki da sukunin komawa asibiti idan wani abu ya taso, ga kuma kayan sanyi da za a yi ta miƙo miki ranar kamu da walima.

Idan kuwa saura kwana biyar ne kika karanta wannan, ki yi wanki kawai, shi ma kada ya wuce saura kwana uku don dasashi ya huce. Haskakawar ki bar ta sai kin tare, ku je tare da ango.